Shekarar da Kitsen Jinina Ya Hau

Kun taso kun same ni ina cin tuwo da miyar da ba a ganin mai a kanta, kuna yi mini dariya duk lokacin da na tsame tozo daga kwanona na tura wa jikoki. Na kuma ji labarin da kuke ba junanku a bayan idona, wai maganin asibiti ne ya ɓata mini jini, wai kuma na je har kasuwa na ci mutuncin Mamman Wanzami don ina taƙama 'yata nas ce. Akwai gaskiya a ciki, amma an yanke mata kai da ƙafa. Tun da idona yana gani, hannuna kuma bai fara rawa ba, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, har da wuraren da ban fito da kyau ba. Ba labarina ba ne ni kaɗai. Labarin yadda na kusa kashe ƙanena ne da bakina.

Kun san Baba Bitrus na Mahuta, amma ba ku san abin da yake a wurina ba. Mu biyu muka rage a ɗakin uwarmu. Lokacin da na shiga soja ban gama golmo ba, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Na tafi na bar gonar kakanku na wajen uwa da sauran damina uku a kaina. Bitrus ne, yana yaro ɗanye, ya ɗauki garmata ya shiga cikin sa'o'ina ya ƙarasa mini, ba wanda ya roƙe shi. Don haka in kun dubi uwarku Saratu, ku sani da gumin Bitrus aka kawo ta gidan nan. Mutum ne mai shiru, ba ya jayayya, amma in magana ta shige shi ta zauna ke nan. Tun muna yara abin da na ce shi ne, ni kuwa na saba da haka har na manta cewa nauyi ne a kaina.

Da na bar aikin soja na dawo Zuru da ciwon baya, wani ya nuna mini Mamman Wanzami. Bakabe ne, yana zama a ƙarƙashin wata bishiyar maina a bayan kasuwa, da zabirarsa ta fata cike da asake da ƙahonin shanu. Yakan tsattsaga fatar baya da aska, ya kifa ƙaho, ya zuƙe iskar da bakinsa, ya liƙe ƙofar da danƙo, sannan ku zauna kuna hira har ƙahon ya cika. In ya cire sai ya juye jinin a kan toka, baƙi ƙirin, ya daskare guda-guda, ya nuna maka da tsinke.

"Saja, dubi abin da yah hito," haka yake ce mini. "Wanga ba jini ba na, kitse na. Da an bar shi ciki, shi ka kashe mutum."

Askar kuwa sai ya tsoma ta a ƙwaryar ruwa, ya goge a tsumma, ya kira na gaba. Ban taɓa ganin laifin haka ba, haka kowa ke yi. Tun daga nan ya zama mini al'ada, kowace shekara da an yanke dawa an kai rumbu, sai in aika wa Bitrus ya zo daga Mahuta mu je mu sha ƙaho tare, a fitar da gajiyar damina. Ni ake fara yi wa don ni ne babba, sannan shi, da aska ɗaya. Mamman ya zama abokina na gaske. Shi ke yi mini aski, shi ya yi wa 'yan'uwanku maza kaciya, kuma duk Kirsimeti shi nake kira ya yanka mana akuya don maƙwabtanmu Musulmi su ci ba tare da shakka ba. Shekara wajen talatin muna haka.

Wata shekara sai ga wasu likitoci sun zo harabar cocinmu suna auna tsofaffi kyauta. Muka je mu 'yan fansho da muke zama a bencin mai shayi, na ja Bitrus don ya shigo gari ran nan. Da sakamako ya fito, kusan duk abokaina an ja musu layi da jan biro a wurin kitsen jini, abin da likitoci ke kira kolestarol. Aka hana wannan tsire, aka hana wancan man shanu, kowa ya fito fuska a murtuke. Da aka zo kaina, yaron likitan ya dubi takardar, ya dubi tumbina, ya sake duban takardar.

"Baba, kitsen jininka ya fi na saurayi ƙasa," in ji shi. "Me kake ci?"

"Duk abin da ka hana waɗancan," na ce masa.

Mutane sun yi masa yawa, layi har bakin ƙofa, sai ya yi dariya ya ce in kai takardar asibiti a duba mini sauran, ya kira na gaba. Wannan rabin maganar ban ɗauke ta ba. Aka duba ta Bitrus, shi ma ƙasa. Nan take na haɗa lissafina na soja: a cikinmu duka mu biyu ne muke shan ƙaho kowace shekara, mu biyu ne kuma ba mu da kitse. Me ya rage? Ashe Mamman gaskiya yake faɗa. Na kai takardar shagon masu hoto aka rufe mini ita da leda kamar katin shaida, na sa a aljihun gaba. Duk inda na zauna sai na zaro ta. Na cika wa mutane kunne, na ja abokaina huɗu daga benci na kai su gindin maina da kaina. Ina cin tozo a gabansu, ina zuba man shanu a tuwo har ya kwanta, ina ce musu su ci gaba da bin likita, ni ina da nawa likitan.

Uwarku ce kaɗai ba ta taya ni murna ba.

"Mai jini mai kyau ba ya barci sau uku kafin la'asar," ta ce. "Dubi yadda kake haki daga nan zuwa rijiya."

Na ce tsufa ne, ta bar ni in huta. Gaskiya kuwa na daɗe ina jin wata gajiya da ban san kanta ba, da wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, amma mutumin da ke da takarda a aljihu ba ya sauraron jikinsa.

Da Kirsimeti yayarku Rahila ta zo hutu daga asibitin da take aiki a Birnin Kabi. Ko ruwa ba ta gama sha ba na miƙa mata takardar, ina jiran yabo. Ta karanta daga sama har ƙasa, abin da ni ban taɓa yi ba, sai ta ɗora yatsa a wani layi can ƙasa mai ɗan tauraro a gefe.

"Baba, wannan fa, wa ya yi maka bayaninsa?"

"Wannan ba na kitse ba ne."

"Na hanta ne, kuma ya hau. Mutum mai cin abin da kake ci, da irin cikin nan naka, bai kamata kitsensa ya yi ƙasa haka ba. Ban ce komai ba tukuna, amma sai an sake ɗibar jininka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce na biya mata makaranta don ta zo ta nemo mini ciwon da ba ni da shi. Washegari Saratu ta kawo mini tuwo da miyar kuka tsura, ba mai ba nama, ta ce haka za mu yi ta yi har ranar da na bi Rahila asibiti. Kwana huɗu na iya.

Likitan da muka gani ba yaro ba ne, mutum ne mai furfura da magana a hankali. Bayan gwaji biyu ya zaunar da ni ya ce ina ɗauke da ciwon hanta, irin wanda suke kira C, kuma ga dukkan alamu ya daɗe a jikina yana aikinsa a ɓoye. Na zaro takardata mai leda na ajiye masa a tebur, na ce to wannan fa? Ya ce ai ita ce ta fara tona asirin. Ya yi mini bayani cewa hanta ce ke sarrafa kitse ta tura shi cikin jini, ita kuwa wannan ƙwayar cuta a hanta take zama, kuma hanyar da kitse ke bi ya fita ita take amfani da ita. Don haka a wurin mutane da yawa masu ciwon, sai kitsen ya maƙale a hanta, a auna jini a ga kaɗan. Da ya ga ban gane ba sai ya tambaye ni ko na taɓa tsare hanya a soja. Na ce sau nawa. Ya ce to in an datse hanya, wanda ke cikin gari zai ga titi fayau ba mota, ya ce gari ya yi kyau, alhali kaya na can suna ruɓewa a bayan shinge. Nan take na gane.

Na tambaye shi a ina na samo. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, jini ne ke kai shi, ko ta allura, ko ƙarin jini, ko aska. Na ce a soja an yi mana allurai ba iyaka. Ya ce yana yiwuwa. Sai Rahila ta ba shi labarin ƙaho, ya ce a kawo duk wanda muke sha tare. Aka auna uwarku, ba ta da shi, na gode wa Allah. Aka auna Bitrus, yana da shi. Bitrus bai taɓa shiga soja ba, ba a taɓa ƙara masa jini ba. Abu ɗaya ne ya taɓa jinina ya taɓa nasa, kuma ni ne nake aika masa ya zo. Ko ni na ba shi, ko wani ya ba mu mu biyu, ta askar nan dai ta bi.

Likita ya ce akwai magani, ƙwaya ɗaya kullum har wata uku, kuma yawanci ana rabuwa da ciwon ɗungurum. Ya rubuta mana mu biyu, Rahila ta karɓo. Amma Bitrus bai taɓa haɗiyar ƙwayar asibiti ba a rayuwarsa, tsoronta yake ji fiye da maciji. Ya juya kwalbar a hannunsa, ya miƙa wa Saratu.

"Yaya ya fara sha," ya ce. "In na ga yadda ta yi da shi, sai in sha."

Muka yarda, don mun san shi. Saratu ta jera kwalabensa uku a cikin kabad, bayan kwanonin baƙi. Ni kuwa na shanye nawa a cikin zafin bazara, ban tsallake ko rana ɗaya ba, don uwarku na tsaye a kaina kamar kofur. Tun kafin in gama na ji ƙarfi yana dawo mini, barcin rana ya ragu. Aka ce in jira wata uku a sake aunawa. A duk tsawon wannan lokaci ban je wurin Mamman ba. Likita ya ce in gaya masa, Rahila ta ce in gaya masa, ni kuwa sai na canza hanya, ina zagayawa ta wajen masu doya don kada in wuce gindin maina, na koma aski a shagon masu inji. Na tsaya a gaban harsashi ban gudu ba, amma na kasa duban abokina in ce masa askarsa na raba ciwo. Tsoro ne, ba wani suna da zan ba shi.

Ana tsakiyar damina na je na karɓi sakamakon. Likita ba ya nan ran nan, aka ce in dawo jibi. Yarinyar da ta miƙo mini ta ce in yi murna, ba a ga ƙwayar cutar ba. Na yi murna har na fita ƙofa. Sai na buɗe takarda ta biyu, idona ya tafi kai tsaye layin da na saba dubawa. An ja masa jan biro. Kitsen jinina ya hau, ya wuce na wasu abokan da na yi shekara ina yi wa dariya. Rahila ta rantse likita ya faɗa tun farko cewa hakan na iya faruwa, ni dai ban ji ba, ko kuma na ji abin da nake so ne kawai. Na fito ina huci. Ranar kasuwa ce, kuma Allah ya sa na yi kiciɓis da Bitrus a tasha yana ɗaura buhun taki a babur.

"Yaya, yaya aka yi?"

"Sun kashe ciwon, sun ɓata mini jini," na ce, ina kaɗa masa takardar a fuska. "Dubi! Jinin da ya fi na saurayi, yau ga shi da jan biro. Sun cire mini ciwo ɗaya sun sa mini wani."

Ya dubi jan layin, ya ƙarasa ɗaurinsa, ya hau babur. Ni kuwa na huce kafin in isa gida, na ma manta na faɗa.

Da na koma, likita ya yi murmushi ya ce abin da yake jira ke nan. An buɗe shinge, motoci sun shigo gari. Hantata ta koma aikinta, wannan lambar kuma ita ce tawa ta gaskiya, ta mutumin da ya yi shekaru yana zuba man shanu a tuwo. Ya ce wannan ana iya sarrafa shi, a rage maiƙo, a riƙa tafiya da ƙafa, ga wata 'yar ƙwaya in ta kama, amma hantar da ta lalace ba a sayo wata a kasuwa. Sai ya tambaye ni ƙanena fa, ya fara sha? A nan ne maganar tasha ta dawo mini.

Sau uku ina zuwa Mahuta a daminar nan. Na farko ya ce sai an gama noma na biyu. Na biyu ya ce sai ya ji sauƙin zazzaɓi. Na uku na same shi a gona ya jingina da garma a tsakiyar kunya, mutumin da a da yake kai ƙarshen gona kafin sa'o'insa su kai rabi. Ya rame, wuyansa ya fito. Na yi masa bayanin shinge da motoci, na yi da Hausa, na yi da C'lela, na nuna masa yadda na yi ƙarfi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya amsa da yarenmu, ga ma'anar abin da ya ce:

"Yaya, maganar da ka faɗa mini a tasha ita ce ta fito daga cikinka. Wannan ta yanzu Rahila ce ta sa maka a baki. Ni takardata ba jan biro. In an yanke dawa zan je wurin Mamman ya zuƙe mini ciwon."

Na yi faɗa, na yi lallashi, har na tuna masa ni ne babba. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da noma. Na hau mota ina kuka a zuci, don na san ni na koya masa duka biyun, yarda da ƙaho da tsoron magani. Kullum in Saratu ta buɗe kabad sai in ga kwalaben nan uku. Rahila ta ce kowane wata da ya wuce hantarsa ce ke biya. Dawa kuwa ta fara fitar da kai.

Uwarku ce ta faɗi abin da na sani amma nake gudu.

"Mutum biyu Bitrus ke jin maganarsu a duniya," ta ce. "Ɗaya ya riga ya ɓata tasa. Saura ɗaya."

Na tafi gindin maina da hantsi ranar kasuwa. Akwai mutane a benci, har da biyu daga cikin waɗanda na kawo da kaina. Mamman na ganina ya ɗaga murya.

"A'a, Saja! Munka ce ko ka koma yaƙi. Wane inji yac ci maka kai haka?"

Na ce ya taso mu keɓe, ina da magana. Ya ce hannunsa na kan aiki.

"Hwaɗi nan, babu baƙo."

Na yi niyyar rufa masa asiri, Allah ya sani. Amma da na dubi mutanen da ke zaune, sai na tuna a bainar jama'a na yi ta cika baki, kuma su ma jininsu ne. Na zaro takardar mai leda na ɗaga. Na ce kun san wannan, na dame ku da ita. To ba shaidar lafiya ba ce, alamar ciwon hanta ce, ni ne ban iya karatu ba. Na ce ƙaho ba ya cire kitse, baƙin da muke gani a toka jini ne da ya daskare. Na ce ni da Bitrus muna da ciwo ɗaya, kuma askar da ake tsomawa a ƙwarya ce ta haɗa mu. Duk wanda na kawo nan ya yafe mini, ya je a auna shi. Sannan na juya wurin Mamman na ce, Bitrus zai zo, don Allah kada ka taɓa shi, ka ce ya sha magani.

Mutumin da ake yi wa aski ya miƙe da rabin kai. Mamman ya ajiye askar, ya dube ni.

"Shekara talatin ina taɓa jininka, Saja. Ni niy yi ma ɗiyanka kaciya. Yau ni ka kashe ka?"

Ya tattara asakensa ya zuba a zabira, ya naɗe tabarma, ya wuce ta gabana bai waiwayo ba. Labari ya zaga kasuwa kafin azahar. Mutane suka janye masa, gindin maina ya zama wurin masu gyaran keke. Na je gidansa sau biyu, aka ce ba ya nan alhali ga takalmansa a ƙofa. Kirsimetin shekarar wani ne ya yanka mana akuya, naman kuma bai yi mini daɗi ba. Na ce a raina na rasa aboki, na tozarta dattijo a gaban mutane, kuma ban ceci ƙanena ba.

Bayan Kirsimeti da 'yan kwanaki, da rana tsaka, muka ji babur ya tsaya a ƙofa. Bitrus ya shigo, bai ko gaishe ni ba, ya zauna a kan turmi.

"Maman Rahila, ina kwalaben nan?"

Sai da ya sha ruwa ya ba mu labari. Ya gama kai dawa rumbu, ya zo Zuru a ɓoye don kada in sani, bai sami Mamman a kasuwa ba ya bi shi gida. Ya cire riga ya juya masa baya. Mamman ya ce ya mayar da rigarsa. Ya shiga ɗaki ya fito da wata kwalba, irin tamu sak, ya ajiye a gabansa.

"Ba ni taɓa ka," ya ce masa. "Yayanka ya ƙona min rai, sai nit tahi asibiti don in ƙaryata shi. Sunka sami cutar ga jinina nima. Yau kwana goma sha biyu ina sha. Tashi ka tahi gidan yayanka."

Rahila ta sa aka sake kai shi wurin likita kafin ya fara. Aka ce hantarsa ta yi tabo, tabon da ba zai goge ba, sai dai a tsayar da shi inda yake, kuma zai riƙa zuwa ana duba shi har ƙarshen ransa. Na tambayi likita ko watannin da na jawo masa ne suka yi wannan. Ya ce aikin shekaru ne, ba na watanni ba. Na gode masa, amma har yau ban sauke wannan kayan gaba ɗaya ba, kuma ba na so ku sauke mini. Bitrus ya zauna a gidan nan wata uku, a ɗakin da yanzu kuke ajiye buhuna, Saratu na ba shi ƙwaya kowace safiya tana tsaye har ya haɗiye ya buɗe baki ta gani. Daga cikin abokaina huɗu, an sami ciwon a jikin ɗaya, shi ma ya sha ya warke.

Damina ta sake zagayowa. Wata safiya ina dawowa daga tafiyar da likita ya ɗora mini, na hango babur a ƙofar gida da mutum biyu a kai, da zakara a rataye. Bitrus ne ke tuƙi. Ya diro tun injin bai mutu ba, yana kaɗa takarda sama, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Yaya! Ciwon ya tafi! Nawa ma ya hau, dubi jan biro!"

Na rungume shi a tsakiyar titi, tsofaffi biyu muna kuka muna dariya a kan kitse ya yi mana yawa. Na bayan babur ɗin ya sauko a hankali, yana gyara zabira a kafaɗa. Mamman ne. Bitrus ya ce ya biya ya ɗauko shi, don ba a cin zakaran murna a gidan nan in ba shi ya yanka ba. Mamman bai yi mini dariya ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya dai ba ni hannu, ya dubi kaina ya girgiza nasa, ya ce in zauna ya gyara ɓarnar da inji ya yi. Ya buɗe zabira, na ga asaken ubansa a naɗe gefe guda, ya zaro sabuwar reza ya yage takardarta a gabana, da ya gama ya karya ta biyu ya jefa a wuta. Ƙahoni kuwa, ya ce yanzu sai ya dafa su a tukunya, kuma ya daina ce wa kowa kitse ne. Mutanensa ba su dawo duka ba, har yau wannan na damuna. Saratu ta dafa zakaran farfesu, ba ko ɗigon mai, muka ci mu uku a kwano ɗaya muna ƙorafi.

To wannan shi ne asalin miyar da kuke yi wa dariya. In na mutu kuka buɗe akwatina na ƙarfe, za ku ga takardu biyu masu leda a ƙarƙashin lambobina na soja. Ta farko tawa ce, fes ba jan biro, ku ƙona ta ko ku bar wa yara su yi fifita. Ta biyu mai jan layin ta Bitrus ce, na roƙe shi ya ba ni, washegari na kai shagon masu hoto. Ita za ku ajiye.